Ki Bar Ni In Ga Idonki

Ummi,

Kada ki karanta takardar nan a cikin mota, kuma kada ki bai wa kowa ya taya ki karantawa. Ki bari sai kin isa, kin yi salla, kin sha ruwa, kin zauna. Sannan, tunda na san halinki, kada ki ɗauki hotonta. Idan na ji an ce an ga rubutuna a wayar wani, ni da ke ne.

To, assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah ya sa kin sauka Zariya lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya haɗa ki da abokan zama na kirki. Babanki yana gaishe ki. Ya ce in rubuta miki ki riƙe salla a kan lokaci, na ce masa wannan ya riga ya faɗa miki a zaure. Ni tawa maganar daban ce.

Na sa takardar a cikin jakar kyamararki ne saboda na san ko buhun garinki ya ɓace a tasha, wannan jakar ba za ta ɓace ba. Kuma a kan kyamarar zan yi magana. Kada ki turo baki, ina ganinki daga nan.

Ranar da yayanki ya aiko miki da ita daga Kano don murnar kin ci jarrabawa, na ɗauka tsohuwa ce ya tsinto wurin 'yan gwanjo. Baƙar fata a jiki, farin ƙarfe a sama, 'yan abubuwan murɗawa, da igiyar ratayawa a wuya. Har sunan da ke goshinta na gane, domin shi ne a jikin wadda mai hoton makarantarmu yake ratayawa ina 'yar aji uku. Kika yi mini dariya, kika ce sabuwa ce, ba a sa mata fim, caji ake yi mata kamar waya. Wai kamfanin ya daɗe da rufewa, wasu suka sayi sunan suka tayar da shi, suna ƙera sababbi masu kama da na da, saboda haka yaran yanzu suke so. Kika murɗa wani abu, kika ɗauki tukunyar da ke kan murhu, kika nuna mini. Tukunyar da na saya bana ta fito kamar ta kakata. Launin ya koɗe, ya yi rawaya-rawaya, ga wasu ɗigo-ɗigo kamar an watsa tsakin gero. Na ce miki a zamaninmu in hoto ya fito haka faɗa ake yi da mai hoto. Kika ce, "Mama, ai shi ne kyan." Na ce a raina wata wauta ce ta zamani, za ta wuce.

Ba ta wuce ba sai da ta kawo mana Gwaggonki Kulu daga Kebbe.

Kin san labarin, amma zan maimaita shi, domin ke dariyarsa kika riƙe, ni kuwa wani abu na riƙe. A daminar nan babanki ya yi zazzaɓi, duk dangi sun ji. Ranar da ya fara jin sauƙi ya fito zaure ya zauna a kan buzunsa da carbi a hannu, kika ɗauke shi baƙi da fari, kika sa a sitatus ɗin wayarki inda kowa zai gani, ba ki rubuta komai ba sai "Babana". Ke a wurinki kyau ya yi. Kin manta cewa a wurin mutanenmu, idan aka ga hoton dattijo baƙi da fari a waya, ba a tambayar me ya faru, sai dai a tambayi ƙarfe nawa za a yi jana'iza. Wani jikan Gwaggo ya gani, ya kai mata. Aka kira wayar babanki, a kashe, don ba ya kunna ta in yana jinya. Aka kira tawa, tana shagon caji. Tsohuwar da ba ta iya tsayuwa a salla sai a zaune ta hau mashin ɗin kabu-kabu, a hanyar Kebbe, cikin taɓo.

Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji salati daga bakin titi. Na fito da gudu ko mayafi ban gyara ba. Ga Gwaggo, zaninta duk laka, takalmi ƙafa ɗaya, ta tsaya a ƙofar zaure. Ga babanki a zaune yana shan fura da ludayi.

"Umaru!" in ji ta. "Kai na? Kai na zaune?"

"Ni na, Yaya. Lafiya?"

"Anka ce mani ka rasu!"

Ya ajiye ludayin a hankali ya ce, "To ni dai ba a gaya mani ba tukuna."

"Ja'iri! Hoto nig gani da idona, irin na waɗanda sunka riga mu! Ka sa ni bisa mashin da tsufana, kana nan kana shan fura!"

Ta ɗaga hannu za ta kai masa duka, malami guda mai almajirai da furfura, sai hannun ya sauka a kansa ya tsaya. Ta shafa kan, ta shafa fuskar, kamar yadda ta ce tana yi masa yana goye a bayanta. Sannan ta zauna a gefensa. Mazan da suka biyo ta don jana'iza suka tsaya cirko-cirko a waje, har wani ya ce tunda an zo, a yi addu'ar kawai, ba ta lalacewa. Kowa ya yi dariya. Amma ni ce na gasa wa Gwaggo gwiwa da ruwan zafi, ni ce na raka ta aka auna jininta aka ce ya hau. Da Allah ya karɓi ranta a hanyar nan, Ummi, da wane ido za ki kalli 'ya'yanta?

Don haka ki ji. Hoto magana ne. Kina iya nufin wani abu da shi, wanda ya gani ya ji wani. A Zariya za ki haɗu da mutanen da ba ki san al'adarsu ba. Kada ki ɗaga abin nan a fuskar kowa sai kin nemi izini, kada ki ɗauki 'yan ɗakinku ba lulluɓi ko da su suka ce ki ɗauka, kuma kafin ki saki hoton mutum ki tambayi kanki wa zai gani, me zai ɗauka. Wannan laifinki ne, na faɗa, na gama. Sauran da ke cikin takardar nan nawa ne.

A ranar, gaban baƙi, na fizge kyamarar daga wuyanki har igiyar ta karce ki. Na ce miki, "Kin kashe ubanki da ransa." Na kulle ta a cikin akwatina. Ban tambaye ki komai ba. Na ga kin juya, kin shiga ɗaki. Kika yi ta yi mini aiki ba magana, ki share, ki wanke, ki ce "to" kawai. Ni kuma da taurin kaina na ce ba ni zan fara ba. Na yi kuskure. Faɗa a gaban mutane ba ya gyara yaro, kunya kawai yake koya masa, kuma kalmar da na faɗa ta fi laifin nauyi. Ke ma kin gado bakina, na sani. Duk ranar da ranki ya ɓaci da wata a makaranta, ki ja ta gefe, ki fara da tambaya. Ni sai da na kai shekarun nan na koya, kuma a wurinki.

Kin tuna yammar da muke tsinke zogale a gindin darbejiya? Na gaji da shirunki, na ce, "Wai ni kam, me ya sa kike tsofar da abin da bai tsufa ba? Allah ya ba ki ido, ya ba ki launi, ke kuma sai ki koɗar?"

Ba ki ɗago ba. Kika ce, "Mama, ƙawayena kowa yana da hotonsa na yarinta. Yaya yana da nasa, har da wanda yake rarrafe. Marigayi Bello ambulan guda na hotuna gare shi a akwatinki, na gani. Ni kuwa kamar daga sama na faɗo da kayan makarantar sakandare. Tunda ba ni da tsohon hoto, shi ne nake yin abina."

Na ce miki hayaƙi ya shiga mini ido, na tashi. Babu wuta a murhu a lokacin, ke ma kin sani. Amsar da ban ba ki ba a ranar, ga ta.

Bello, wanda kike bi, ba ki san shi ba sai a baki. Yaro ne mai son hoto. Akwai wani mai hoto da yake zuwa ranar kasuwar Tambuwal da labulensa mai zanen bene da furanni. In ya ɗauka sai ya kai fim ɗin Sakkwato a wanke, mu yi ta jira, wani lokaci ya dawo ya ce ya ƙone, a sake. Duk da haka ba na fashi. Na ɗauki Bello da hular babansa, na ɗauke shi a kan keken aro, na ɗauke shi yana kuka don an hana shi riƙe kyamarar. Sikila ta ɗauke shi yana shekara fuɗu. Bayan an share makoki, mai hoton nan ya yi sallama a ƙofar gida da fara'arsa, bai ji labari ba, ya kawo na ƙarshe da aka wanke. Na karɓa, na yi godiya, na shiga ɗaki. Ban sake buɗe ambulan ɗin ba har yau.

Da aka haife ki aka sa miki sunan mahaifiyata, shi ya sa ban taɓa kiran sunanki na yanka ba. Kina 'yar watanni kaɗan hannuwanki suka kumbura, aka gwada jininki, likita ya faɗi kalmar da na riga na sani. A hanyar dawowa, kina bayana, na yanke wa kaina cewa ba zan tara wata ambulan ba. Duk lokacin da babanki ya ce a kira mai hoto, sai in ce ba ki da lafiya, ko in ce ɓarnar kuɗi ce, ko in kawo maganar addini, alhali na san ba addini ne ya hana ni ba. Tsoro ne. Ina ba ki magani, ina kwana da ke a asibiti, ina yi miki addu'a, amma can cikin zuciyata na riga na fara yi miki makoki kina raye. Na munana wa Allah zato, na yanke abin da shi bai yanke ba. Ga shi ya raya ki, kin fi ni tsawo, kin tafi jami'a, ni kuma ba ni da abin da zan nuna miki in ce ga ki nan lokacin da haƙoranki suka zube.

Kin ga kalmar da na jefe ki da ita gaban baƙi, ni ta fi dacewa da ita. Ke kin yi wa babanki na yini ɗaya, cikin rashin sani. Ni na yi miki na shekaru, ina sane. Ki yafe mini, ɗiyata.

Nasihar da ke ciki ita ce, kada ki gaji wannan daga gare ni. Kada ciwon nan ya sa ki riƙa rayuwa kamar baƙuwar da ta ajiye takalmi a bakin ƙofa. Ki yi karatunki kamar wadda za ta yi aiki da shi shekara da shekaru, ki yi ƙawaye, ki sayi zanin da kike so ki ɗinka. Ranar kowa tana wurin Allah, kuma bai nuna wa mai sikila tasa ba, kamar yadda bai nuna wa mai ƙoshin lafiya ba.

Da na mayar miki da kyamarar, kin ɗauka don babanki ya sa baki ne. Ya sa, amma ba shi ne dalili ba, maganarki ta gindin darbejiya ce. Kuma ba zan ɓoye miki ba, hoton nan da kika sa ƙawarki ta ɗauke ki a ƙofar madafa da tsohon mayafina, wanda kika nuna mini kina jiran faɗa, na ce miki "ba laifi" na juya. Ba "ba laifi" ba ne. Innata na gani. Tsayuwarta, yadda take karkatar da kai in ana yi mata magana, har koɗewar hoton ta sa na ji kamar daga wani akwati aka ciro shi. Inna ba ta bar hoto ko ɗaya da ya nuna ta haka ba. Saboda haka ban ce abin naki banza ne ba. Ki riƙe shi, ki iya shi da kyau. In kin dawo hutu ki wanke mini wannan a takarda, babba.

Amma akwai wurin da ba na son kyamarar nan ta shiga tsakanina da ke, kuma a nan ma da kaina zan ba ki misali.

Ina aji uku a makarantar kwana na kamu da ciwon shawara. Idona ya yi rawaya, ba na iya cin abinci, amma na ɓoye, don kada a mayar da ni gida in rasa jarrabawa. A makon ne mai hoto ya zo. Na ari hoda da ɗankunne, na tsaya na yi murmushi. Baƙi da fari na zaɓa don ya fi araha, kuma ya yi mini abin da nake so, domin a cikinsa idon mai shawara da na mai lafiya duk ɗaya ne. Na aika wa Inna can gida Sanyinna da saƙon ina nan ƙalau. Ta yi murna, ta zagaya da shi gidajen makwabta. Ranar ziyara ta zo daidai da girbi, ta ce tunda yarinya tana lafiya har ta yi ƙiba, bari ta tsaya a gama aiki. Ba a daɗe ba aka kawo ni gida kwance a bayan motar makaranta. Da na farfaɗo, ba ta yi mini faɗa ba. Ta ciro hoton daga cikin kwanon da take ajiya, ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Da kin bar ni na ga idonki." Ta mayar da shi, ban sake ganin ta nuna wa kowa ba.

Ummi, tun kina goye, ba a yi safiyar da ban duba idonki ba. Kina ɗauka gaisuwa nake amsawa in na riƙe haɓarki, ko kwalli nake dubawa. Farin idon nake karantawa. In ya fara rawaya na san ciwo yana hanya tun kafin ke ki ji shi a ƙashi. In tafin hannunki ya yi fari na san jini ya yi ƙasa. Da haka muka sha riga ciwon zuwa asibiti. Yanzu kin tafi inda hannuna ba ya kai haɓarki, kuma kin tafi da na'urar da aikinta shi ne ta mayar da komai rawaya. In kika turo mini irin wannan hoton, bango rawaya, mayafi rawaya, ido rawaya, ta yaya zan gane wanne ne na kyamara, wanne ne na jininki? Kuma na san ki. In kina jin jiki za ki yi murmushi ki ce ƙalau, don kada hankalina ya tashi. 'Yar wa ce ke in ba tawa ba?

Sanyin Zariya ba irin namu ba ne, yayanki ya gaya mini. Rigar sanyi tana ƙasan akwati, safa tana cikin kwanon da na ɗaure. Kada ki tsaya cikin ruwan sama ko iskar asuba don wai haske ya yi kyau, hasken zai dawo gobe. Gorar ruwa ta riga kyamara shiga jaka. Ƙwayar maganinki kullum, gidan sauro kullum. Ranar da kika isa ki nemi asibitin makaranta da ƙafarki tun kina lafiya, ki gaya wa wadda kuke ɗaki ɗaya abin da ke gare ki da abin da za ta yi in ya tashi. Ba abin kunya ba ne. Ɓoyewa ce abin kunya, ni shaida ce.

Allah ya tsare mini ke, gabanki da bayanki. Ya sa ciwon ya yi miki sauƙi a baƙon wuri, ya ba ki ilimi mai amfani, ya kare miki mutuncinki da addininki. Allah ya dawo mini da ke da ƙafafunki, ya ba ki tsawon rai har hotunanki su tsufa da kansu, ba sai kin murɗa komai ba. Gwaggo Kulu ta aiko a gaishe ki, ta ce in kin tashi kashe wani a hoto ki bari sai rani, hanya ta bushe.

Saura doka. Na faɗa wa babanki, na faɗa wa yayanki a waya, kuma ta hau kan kowa har ni. Daga yau, a gidan nan ba a hana yaro hoto, mai lafiya ko marar lafiya. Ba a sakin hoton mai rai baƙi da fari sai an rubuta a ƙasa cewa yana nan da ransa. Ke kuma, ki ɗauki duniya duka da launin da kika ga dama, amma duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ki fita tsakar rana, ki ɗauki kanki da waya, ba hoda, ba gyara, ido a buɗe, tafin hannu a ɗage, ki turo mini. In la'asar ta yi ban gani ba, ba zan kira ki ba. Asabar da safe ina tashar Tambuwal, kuma kin ga abin da matan danginku suke yi in sun hau hanya.

Wassalam.

Mahaifiyarki